Wasiƙa zuwa ga Yaya a kan zuwana Disneyland ni kaɗai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da Inna da dukan mutanen gida a Damagaram. Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi, aiki yana tafiya daidai gwargwado.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne saƙon muryar da Inna ta aiko mini bayan ta ga hoton da na turo, inda take tambaya wane irin ganganci ne zai sa mutumin da shan inna ya hana shi taka ƙasa ya kutsa cikin dubban jama'a ba tare da ɗan rakiya ba. A waya ba na iya jan magana da ita, shi ya sa na zaɓi in rubuta, domin ka karanta mata a natse, ta ji yadda tafiyar ta kasance tun daga ƙofar gidana.

Wurin da na je sunansa Disneyland Paris, yana yankin Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Paris, kuma an buɗe shi a 1992. Kada ka ɗauka filin lilon yara ne. Gari ne sukutum da aka gina domin shaƙatawa, da titunansa da kantunansa da gidajen abinci da tafkuna, da ƙananan jirage masu gudu a kan dogo suna hawa suna gangarowa. Abokaina sun sha yi mini alkawarin za mu je tare, amma ranakun hutunmu ba sa haɗuwa. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi a zuciyata. Duk lokacin da na fita da mai rakiya, shi ake tambaya abin da nake so da abin da zan iya, ina zaune ina kallo ana shawara a kaina, har canjin kuɗin da na biya da hannuna wani lokaci shi ake miƙa wa. Na so in ga yadda yini zai kasance idan babu wanda za a yi wa magana sai ni.

Hanyar ita ce na fi daɗewa ina shiryawa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris tsoho ne, tun 1900 ya fara aiki, kuma yawancin tashoshinsa matakala ce kawai, ba su da na'urar hawa da sauka. Layi na 14 ne mai keke yake iya bi daga farkonsa har ƙarshe, kuma tun da aka tsawaita shi zuwa Saint-Denis a 2024, gab da wasannin Olamfik da na nakasassu, ya zo kusa da inda nake zaune. Shi na bi zuwa Gare de Lyon, daga can na koma jirgin ƙasa mai zuwa bayan gari, wanda ake kira RER A. A wannan jirgin mai keke yakan sanar da ma'aikacin tasha, shi kuma ya raka shi bakin jirgi, ya shimfiɗa masa allon ƙarfe ya hau, sannan ya buga waya tashar da zai sauka domin a tarbe shi da wani allon. Tashar ƙarshe, Marne-la-Vallée–Chessy, a bakin ƙofar wurin take.

Ka san ina da katin nan da hukumar kula da nakasassu ta jihar da nake zaune a nan Faransa ta ba ni, wanda ake kira CMI. Da shi na sami ragin kashi 25 cikin ɗari a kuɗin shiga, kuma da shi na karɓi katin fifiko, wanda ke ba mutum damar shiga wasanni ta wata ƙofa dabam maimakon dogon layi mai lanƙwashe-lanƙwashe. Abin da na fi so Inna ta ji shi ne tambayoyin da aka yi mini kafin a ba ni katin. An tambaye ni ko ina iya tafiya da ƙafa, ko ina iya hawa matakala, ko ina iya tashi daga kekena in koma wata kujera da ƙarfin hannuna. Amsar da na bayar ita ce ta nuna wasannin da suka dace da ni. A da ƙa'idarsu ita ce mai nakasa irin tawa ya zo da lafiyayyen mai rakiya kafin ya hau wasanni da yawa, amma a ƙarshen 2021 suka sauya tsarin, suka mayar da shi a kan abin da mutum ya faɗa da bakinsa cewa yana iyawa. Ba a nemi ganin waliyyina ba, ba a kuma ce in kira wani ya tabbatar da maganata ba.

Wasannin iri biyu ne a wajena. Akwai waɗanda ake shiga da keken kansa, kamar wani kwale-kwale da ke zagayawa a hankali tsakanin ɗaruruwan 'yan tsana masu sanye da tufafin ƙasashen duniya suna rawa, wanda aka keɓe masa jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki da keke ke gangarawa a kai. Akwai kuma waɗanda dole mutum ya bar kekensa, kamar Big Thunder Mountain, jirgin da ke ratsa wani dutse a tsakiyar tafki da gudu mai ɗauke numfashi. A nan ma'aikata ba sa ɗaga mutum, domin aikinsu bai ba su izinin haka ba, don haka sai na jingina keken da bakin jirgin, na ɗaure birki, na dafa na sauke jikina, na jawo ƙafafuna da hannu ɗaya bayan ɗaya. Hannuwan nan da suka sha tuƙa keke mai feda a rairayin Birni da Zango ba su ba ni kunya ba. Da jirgin ya dawo, kekena yana nan yana jirana. Sun yi mini bayani cewa suna ƙayyade yawan masu irin lalurata da za su hau a lokaci guda, saboda idan na'ura ta tsaya a tsakiyar hanya, 'yan kwana-kwana ne za su zo su fito da mu. Na ji daɗin cewa an gaya mini haɗarin ƙarara, aka bar mini zaɓi.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba, domin in na ɓoye Inna za ta gane. Wurin yana da faɗi ƙwarai, kafin la'asar kafaɗuna sun yi tsami. A babban titin shiga akwai layin dogo na taragon da doki ke ja, sai mai keke ya kula ya gitta shi kai tsaye kada ƙananan tayoyin gaba su faɗa ramin. Cikin cunkoso kuwa fuskata daidai take da jakunkunan da mutane ke goyawa a baya, kuma mai juyawa ba ya duba ƙasa. A gidan abinci ba a iya riƙe faranti a kuma tuƙa keke, sai da na roƙi ma'aikaciya ta kai mini tebur. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne wani bawan Allah da ya kama keken ta baya a wata 'yar hawa ya fara turawa ba tare da ya ce mini uffan ba. Na san alheri ya nufa, amma na dakatar da shi na gode masa, domin wanda aka tura ba shiri yatsunsa na iya shiga tsakanin taya da ƙarfe. Kaɗaici ma ya taɓa ni, musamman idan na sauko daga jirgi ina dariya babu wanda zan juya in kalla.

Da yamma aka yi jerin gwano da kiɗa da manyan motoci masu ado. Ya tuna mini da hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, inda sai ka saɓa ni a wuya nake ganin dawaki, in ka gaji kuwa bayan rigunan mutane kawai nake kallo. A nan an keɓe wuri a sahun gaba domin masu keke, na zauna na ga kome da idona.

Kada Inna ta ɗauka ina cewa mutanen nan sun fi mu tausayi. A gida, in kekena ya maƙale, mutum goma za su taso kafin in buɗe baki, abin da ba kasafai ake gani a nan ba. Bambancin shi ne a nan an zuba taimakon a cikin siminti da doka. Faransa ta kafa dokar 11 ga Fabrairu 2005, wadda ta wajabta wa wuraren da jama'a ke shiga su yi hanyar da nakasasshe zai bi, kuma ko da yake har yanzu akwai wurare da yawa da ba su cika ta ba, inda aka cika mutum ba ya jiran sai wani ya ga dama. Nijar ma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin nakasassu tun 2008, sai dai ka fi ni sanin yawan ofisoshi da makarantu da masallatan da mai keke ke tsayawa a ƙofarsu sai an ciccibe shi.

Wannan ya kawo ni ga roƙona. Daga cikin kuɗin da zan aiko a ƙarshen wata, ina so a kira magini ya cire dokin ƙofar zaure ya yi gangare a wurin, haka ma a ƙofar ɗakin da nake sauka. Ka tsaya a kansa kada ya yi shi a tsaye kamar na shigar da babur. Duk tudun santimita 10 yana buƙatar gangaren da bai gaza santimita 120 ba, kuma a bar saman da kaushi saboda santsin damina. Ƙofar makewayi a faɗaɗa ta zuwa santimita 90, a kafa ƙarfen dafawa mai ƙwari a bango. In Allah ya kawo ni hutu, ina so in shiga gidanmu da kaina in gaida Inna ba tare da an tara yaran unguwa su ɗauke ni ba. Gwiwoyin Inna ma za su amfana da shi.

Ka gaishe mini da Inna ƙwarai, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ina gaida matarka da yara, da su Baffa da Gwaggo, da maƙwabta baki ɗaya. Ka sanar da ni abin da maginin ya yanka kafin a sayi siminti.

Wassalam.

Naka,
Ƙaninka