Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar min da ƙarfen murhun gashi

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ranar 18 ga Fabrairu, da misalin ƙarfe 4 na yamma, manajan sashen cinikinku ya ɗauki wayata bayan an daɗe ana barinta tana ringin. Na yi masa sallama, na faɗi lambar rasit ɗina. Ban rufe baki ba ya ce: "Malam, tsire za ka gasa ko jirgin ruwa za ka ƙera? Ƙarfe ai ƙarfe ne." Na ji dariyar wani a kusa da shi, sannan aka kashe wayar. Wannan amsar ce ta sa na kawo maganar bainar jama'a. Ban rubuta sunanku ba, amma kun san kanku.

Gashi sana'ata ce, a nan Kano na gaje ta, balangu da tsire da gashin rago na biki. Abin da na ɗauko yi shi ne murhun gashin hayaƙi irin wanda aka san mutanen jihar Texas ta Amurka da shi, a ɗora shi kan tirela a ja shi da mota zuwa duk inda ake taro. Bari in yi wa manajanku bayaninsa, tunda a ganinsa wasa ne. Doguwar ganga ce ta ƙarfe a kwance, nama na cikinta a kan raga. Wuta ba ta ƙarƙashin naman. Tana cikin wani akwati daban da aka manna a gefe ɗaya, ƙasa kaɗan da gangar, girmansa kamar kashi ɗaya cikin uku nata. Bututun hayaƙi yana can ɗaya ƙarshen, shi ke jawo zafi da hayaƙi su ratsa naman su fita. Zafin da ake nema tsakanin digiri 110 ne zuwa 135 a ma'aunin Celsius, kuma ya tsaya a haka, domin babban yanki kamar ƙirjin saniya yana iya shan awa 12 ko fiye kafin ya yi laushi. Abin da ke riƙe wannan zafin shi ne kaurin ƙarfe. Shi ya sa masu ƙera irinsa suke amfani da mai kaurin kwatan inci, wato milimita 6 da ɗan ɗoriya. Duk wannan na faɗa wa yaranku ranar da na zo, har zane na bar musu.

Ranar 9 ga Janairu na tura muku naira 940,000 ta banki. A rasit an rubuta falle 4 na ƙarfe mai milimita 6, ƙafa 4 a ƙafa 8, da kuɗin naɗewa, da sabon gatarin tirela da sifirin ɗinsa. Aka ce kwana 10. Ya wuce haka nesa ba kusa ba, ban yi magana ba. Aka ƙara karɓar 35,000 wai kuɗin dako, na biya, ko da yake ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Da kayan suka iso wurin mai waldana, an riga an naɗe gangar, an toshe bakunanta biyu da walda, an haɗa akwatin wutar, an shafe komai da jan fenti. Yaronku ya ce wannan kyauta ce daga kamfani. Har godiya na yi masa. Sai da mai walda ya sa injin yanka zai fitar da ƙofa sannan bakin ƙarfen ya bayyana. Ya kashe injin, ya ɗauko ma'auni ya matse a wurin, ya miƙo min ba tare da ya ce uffan ba. Milimita 4 bai cika ba. Muka huda akwatin wutar, nan ma haka.

Ranka ya daɗe, kai ɗan kasuwar ƙarfe ne, ka fi ni sanin lissafin. Falle ɗaya mai milimita 6 a wannan girman nauyinsa kusan kilo 140 ne. Mai milimita 4 bai wuce kilo 93 ba. A falle 4, kusan kilo 190 na ƙarfe ke nan na biya ban gani ba. Wanda ya ɗaga fallen ya ɗora a injin naɗewa ya san abin da ya ɗaga. Wanda ya ce a toshe bakunan a shafa fenti kafin in gani shi ma ya san dalilinsa.

Na kira a ranar. Aka ce in turo hoto, na turo. Aka ce Oga ya yi tafiya. Daga baya aka ce ma'aunin mai waldana ne ya lalace, na ce a turo wani da nasa ma'aunin, har yau ba wanda ya zo. Na je da kaina, mai gadi ya ce ana taro.

Ina da alƙawarin walimar aure a gabana, na riga na karɓi kafin alƙalami, don haka muka ƙarasa aikin da abin da ke hannu muka gwada. Dare ne na hunturu. Na hura itacen kirya, wanda garwashinsa ke daɗewa, amma da iska ta kaɗa sai ka ga allurar ma'aunin zafi tana sauka a kan idonka. A ƙara itace ta haura ta wuce, gefen naman da ke kusa da wuta ya ƙone, na can ƙarshe ko dahuwa bai fara ba. Kafin asuba gindin akwatin wutar ya lotsa, ƙofar gangar ta karkace, hayaƙin da ya kamata ya bi bututu yana fita ta gefenta. Cinyoyin rago biyu na yi asara a gwajin. Na mayar wa masu biki kuɗinsu, na tsaya gaban dattijon da ya yarda da ni ina ba shi haƙuri a kan laifin da ba nawa ba. Wannan ya fi min kuɗin ciwo.

Gatarin kuwa, da muka kankare fentin muka tarar da tsatsa da tsohuwar walda a tsakiyarsa. Na hannu ne aka yi wa wanka. Abu mai wannan nauyin, a bayan mota, a kan titin Zariya cikin mutane da babura, idan ya karye wa zai ɗauki alhakin?

Ga abin da nake nema. Ku aiko mota ku kwashe kayanku, ku dawo min da 975,000 ɗina cif, da kuɗin aikin mai walda da ya tafi a banza. Manajanku kuma ya kira ni da bakin da ya yi min izgili ya ba ni haƙuri. Na ba ku zuwa ƙarshen wannan watan. Bayan nan zan ɗauki rasit, da hotuna, da guntun ƙarfen da muka yanko, in kai wa hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON.

Kuma ko kun biya ni, maganar ba ta ƙare a kaina ba. Tun da na fara ba da labarin nan, masu walda da dama sun ce min sun saba da hakan a wurinku, har sukan ce in kana son 4 ka nemi 6. Ni nama kawai nake gasawa, asarata ta tsaya a rago da kunya. Amma ƙarfen nan naku shi ake sayar wa masu tankin ruwa da ake ɗorawa a saman gidaje, da masu ƙofofin makarantu, da masu bodin motoci. Ina roƙon hukuma ta shigo ɗakin ajiyarku da ma'auni, ta auna falle-falle a gaban jama'a, ta kwatanta da abin da kuke rubutawa a rasit.

Wassalam,
Wani mai gashi, daga Kano.