Amsa Ga Mai Tambaya: Kotun Da Ba Ta Da Bindiga

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya ka bugo waya ka tambaye ni a bainar jama'a cewa, kotun da ba ta da soja ba ta da ɗan sanda, ina amfanin hukuncinta idan gwamnati ta ga dama ta yi kunnen uwar shegu da shi. Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa mai gamsarwa, shi ya sa na rubuto, kuma zan kafa hujja da abin da ni da kai muka ɗanɗana kuɗarsa, wato canjin kuɗi na 2023.

A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairu, daga baya ya ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffi suka koma banki, sababbi ba su wadata ba, magidanci da kuɗinsa a asusu yana kwana a layi. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli kai tsaye, domin sashe na 232 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin sauraron saɓani tsakanin jiha da tarayya, kuma ranar 8 ga Fabrairu ta ba da umarnin wucin gadi cewa a dakatar da wa'adin. Duk da haka, ranar 16 ga Fabrairu Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi ya ce naira 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa, zuwa 10 ga Afrilu. A nan kana da gaskiya, kuma ba zan rufe ka ba: an taka umarnin kotu da rana tsaka, kuma sashe na 308 ya sa wa shugaba mai ci rigar kariya, ba mai gurfanar da shi kan raina kotu.

Amma dubi abin da ya biyo baya. Ranar 3 ga Maris alƙalai bakwai suka yanke hukunci da murya ɗaya, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci kamar yadda dokar Babban Banki ta tanada ba, don haka tsofaffin takardu halastattu ne har 31 ga Disamba, kuma kotun ba ta ɓoye ba ta ce ƙin bin umarninta da shugaba ya yi alama ce ta kama-karya. Washegari na miƙa wa mahaucin unguwarmu tsohuwar dubu ɗaya ina karanta masa hukuncin, ya juya ta gaba da baya, ya maido mini, ya ce shi sai ya ji daga bakin Baba Buhari. Ban ga laifinsa ba, tunda shi ma idan ya je Kara ba da takardar hukunci zai biya kuɗin saniya ba. Kwana goma aka yi a haka, gwamnoni suna barazanar komawa kotu, lauyoyi da jaridu suna matsa lamba, har ranar 13 ga Maris fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce ba ta taɓa umartar kowa ya bijire wa kotu ba, a ranar kuma Babban Banki ya umarci bankuna su karɓa su bayar.

Abin da hukunci yake yi ke nan, Malam: yana raba mai mulki da uzuri. Kafin a yanke shi ana iya cewa fassarar doka ce ta bambanta, bayan an yanke shi kuwa duk wanda ya ƙi bi sunansa mai bijirewa, domin sashe na 287 ya wajabta wa dukkan hukumomi da ɗaiɗaikun mutane aiwatar da shi, kuma manajan banki da babban jami'i, waɗanda ba su da rigar kariya, sun san mulki zai wuce ya bar su da takardar. Ko a zamanin soja, a 1986, Kotun Ƙoli ta ƙi biya wa gwamnatin Legas buƙatarta a shari'ar Ojukwu, tsohon jagoran Biyafara, saboda ta fitar da shi daga gidan Ikoyi da ƙarfin tsiya alhali magana tana gaban kotu.

Abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaya ba, shi ne waɗanda suka kai ƙarar gwamnoni ne, ana saura makonni zaɓe, suna da lauyoyi da kuɗi da kuma tasu manufa. Mahaucina ba shi da wannan ƙofa, kuma asarar da ya tafka a waɗancan kwanaki ba wanda ya biya shi.

Duk da haka, gwamnatin tarayyar da lauyoyinta suka ce Kotun Ƙoli ba ta da hurumi a wannan magana, ita ce ta koma gabanta tana roƙon a ɗage wa'adin Disamba, aka kuma amince mata ranar 29 ga Nuwamba 2023 ba tare da an sa sabuwar rana ba. Albarkacin wannan umarni ne tsohuwar dubun da aka maido mini ta ci gaba da sayen nama bayan Disamba.

Wassalam,
Naka, lauyan da ka yi wa tambaya