Rahoton Ayyukan Shekara Zuwa Ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Kallon Tsuntsaye

Assalamu alaikum. Bisa umarnin shugaba, ga bayanin yadda shekararmu ta kasance. An gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba.

Babban abin da muka cim ma shi ne fitar da muka yi zuwa tafkin Dagona da ke jihar Yobe a watan Janairu, lokacin da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya. Mun isa bakin tafkin bayan sallar asuba, sanyin hunturu na kaɗawa, muka tarar da kirinjijiya sun rufe ruwan, ga ɗinya a gefe, ga kuma agwagin da suke ƙetaro hamada daga Turai domin su yi hunturu a fadamun Hadejiya da Nguru. Da rana ta ɗaga muka bi hanyar cikin kurmi, ƙarƙashin bagaruwa da goruba, inda muka rubuta cilakowa da ragon maza da hasbiya. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ɗaliban da muka tafi da su, domin yawancinsu ba su taɓa riƙe madubin hangen nesa ba, kuma sai a ranar suka ji cewa tun shekarar 2008 aka sanya tafkin Dagona cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya. Duk da haka ba mu ga gauraka ko ɗaya ba, alhali dattawanmu sun shaida cewa a da ba a rasa ta a wannan yanki. Muna godiya ga masuntan da suka ara mana kwale-kwale ba tare da karɓar ko sisi ba.

Game da rumfar leƙen tsuntsaye da aka amince a kafa a bakin tafkin Nguru, na san ana ta ƙorafi, saboda haka ya dace in fayyace. Kwamiti bai yi sakaci ba. An sayi itace, an haƙa ramuka, sannan kuɗi suka ƙare, domin mafi yawan 'yan ƙungiya ba su biya kuɗin wata-wata ba, farashin kwano kuma ya tashi kafin mu tara abin da zai isa. Ban da wannan, ciyawar ruwan nan kachalla ta toshe hanyar da muke bi zuwa wurin, kuma sare ta aiki ne na majiya ƙarfi da yawa, amma ranar gayyar da aka sa waɗanda suka zo ba su cika kwale-kwale ɗaya ba. Littafin sunayen tsuntsaye da Hausa shi ma yana nan a rubuce, kuɗin bugawa ne babu.

Ma'aji da ni mun gaji da bin mutane gida-gida. Akwai waɗanda ba a ganinsu sai ranar tafiya Dagona, su shiga mota, su ci abinci, su ɗauki hotuna, daga nan sai baɗi. Wannan bai dace ba, domin mutane ƙalilan ne suke ɗauke da nauyin kowa. Kwamiti yana roƙon duk wanda ake bi bashi ya kai wa ma'aji kafin shamuwa ta dawo, domin idan damina ta sauka ba a rufe rumfar ba, itacen da muka saya zai ruɓe.

Sakataren ƙungiya