Zuwa ga abokan cinikinmu: kafin ku ce ƙwai ne ya mutu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhazai da malamai, iyayenmu da ƙannenmu da ke kawo mana aiki daga Birni da Zango da Sabon Gari, da ku masu aiko da kaya a mota daga Mirriya, Magariya, Matamaye, Tanut da Gure, muna gaishe ku, muna yi muku barka da sanyi.

Ƙorafi biyu ne suka sa muka ɗauki alƙalami. Na farko, ana cewa aikinmu ya cika jan rai. Na biyu, mutum zai zo da kuɗinsa ya ce a sayar masa da ƙwan rediyo, mu ce sai mun ga akwatin tukuna. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya ce mana: "Ku yaran nan kun fi likita iyayi." Mun yi dariya, amma da gaskiyarsa, domin ba mu taɓa zaunar da ku mun yi muku bayani ba.

Ƙwan da muke magana shi ne wannan ƴar kwalba mai ƙafafu da ke ja kamar garwashi a cikin tsofaffin rediyo. Masu gyara na nan suna ce masa lamp, na ƙetaren iyaka su ce bawul. An zuƙe iskar cikinsa, akwai siririyar waya da ke ɗumama wani ƙarfe har ya riƙa fitar da lantarki, akwai faranti mai karɓa, a tsakaninsu kuma akwai raga da ke ƙara ko rage abin da zai wuce. John Ambrose Fleming ne ya ƙirƙiro na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest na Amurka ya biyo baya da nasa a 1906, wanda daga bisani ya sa masa ragar. Taransisto ya fito a 1947 ya yi ta ture shi sannu a hankali, amma masu ƙera rediyon magana, wato wanda ake aika magana da shi ba saurare kawai ba, sun daɗe ba su sake shi ba. Shi ya sa Yaesu FT-101 da Kenwood TS-520 na shekarun 1970, waɗanda suka fi zuwa teburinmu, cikinsu duk taransisto ne, sai ƙwayaye uku a ƙarshe: 12BY7A mai turawa, da biyu manya masu fitar da ƙarfi.

To ga abin da muke so ku riƙe. Mafi yawan akwatunan da ake kawo mana da sunan ƙwai ya mutu, ƙwayayensu lafiya lau suke. Ƙwai ne kawai abin da ido ke gani kuma hannu ke iya zarewa, shi ya sa kullum shi ake ɗora wa laifi. Masu laifin na ƙarƙashi suke, sun yi lamo. Kondansatar, wato ɗan abin da ke tara wuta ya riƙe, na takarda da aka naɗe da kaki yakan sha danshi ya fara yoyon wuta. Manyan kondansatar masu ruwa a ciki kuwa bushewa suke, balle akwatin da ya yi bazara arba'in a ɗakin kwano a Damagaram. Rezistans na gawayi, mai rage gudun wuta, yakan tashi daga ƙimar da aka rubuta masa. Sai ƙurar hunturu da ke shiga makunnai, da ɓera mai cin rigar waya. Mun taɓa buɗe wani Philips na falo muka tarar zanzaro ya gina ɗakinsa a tsakanin farantan kama tasha, mai shi kuma ya rantse ƙwai ne.

Abin takaicin shi ne, idan aka sa sabon ƙwai a akwatin da ke da irin wannan ciwo, ciwon ne ke cinye ƙwan. A FT-101 akwai wani ƙaramin kondansatar tsakanin 12BY7A da manyan biyun. In ya fara yoyo, sai wuta ta bi ta hau ragarsu, farantansu su yi jajir, kafin ka kai hannu ga makunni sun tafi, wani lokaci har da taransfo. Su kuma ƙwayayen nan, 6JS6C, asalinsu na talabijin ne, an daɗe da daina ƙera su, abin da ya rage a duniya shi ake ta juyawa hannu zuwa hannu. Masana'antun da har yanzu ke yin ƙwai a Rasha da Sulobakiya da Sin sun fi karkata ga na amfilifayar jita da na kiɗa, irin su 12AX7 da EL84. Saboda haka idan muka hana ku 6JS6C a hannu, ba rowa ba ce. Muna gudun ku ƙona abin da ba lalle mu sake samo muku ba.

Yanzu batun gwaji, wanda a nan ne mu ma muka taɓa yin kuskure.

Na'urar gwajin ƙwai iri biyu ce. Akwai mai sauƙi, wadda ke duba ko ƙarfen ciki yana fitar da lantarki kawai, allurarta ta nuna kore ko ja. Akwai kuma wadda ke sa wa kowane sashe tasa wutar, ta motsa ragar kaɗan ta ga yadda faranti zai amsa, wato ta auna ƙarfin ƙarawar ƙwan. Tamu irin ta biyu ce, Metrix 310 ƙirar Faransa, wadda ta girme yawancin yaran shagon. Kafin ƙwai ya hau kanta muna fara duba shi da ido. Wannan tabo mai ƙyalli kamar madubi da kuke gani a jikin gilashin, mutane na ɗauka ƙuna ce. Ba ƙuna ba ce, sinadarin bariyom ne da aka fesa da gangan don ya shanye ragowar iska. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ƙwan ya gama yawo. Daga nan mu duba wayar ɗumi, mu duba ko sassan ciki na taɓa juna, muna ɗan ƙwanƙwasa gilashin da gindin fensir, domin wani taɓin ba ya bayyana sai ƙwai ya yi zafi an kuma girgiza shi. Sai gwajin iska, sannan a ƙarshe mu karanta ƙarfinsa mu gwada da abin da littafin masana'anta ya ce.

Lambar da ke gaban sunan ma magana take. Shida na nufin wayar ɗumi tana cin bolt 6.3, sha biyu na nufin 12.6. A sunayen Turai harafin E ne ke tsaya wa 6.3. Wanda ya murɗa na'ura a kan 12 alhali ƙwan na 6 ne, ya kashe shi da hannunsa, don haka ba ma barin almajirin da bai shekara ba ya taɓa ta.

Amma duk da wannan, na'urar tana da iyaka. Bolt ɗin da take sa wa faranti ƴan ɗaruruwa kaɗan ce, alhali a cikin TS-520 ƙwan 6146B na ɗaukar kusan bolt 800, yana kuma aiki a kan zango mai gudun miliyoyi a daƙiƙa. Shekarun baya mun sayi 6146B guda biyu a hannun wani ɗan kasuwa, cikin kwalinsu, Metrix ta ce lafiya. Muka sa wa wani malamin lakwal, muka karɓi kuɗinsa, ba mu gwada a kan iska ba saboda magariba ta kawo jiki. Kwana uku ya dawo da akwatin yana warin ƙuna. Ɗaya daga cikin ƙwayayen yana tartsatsi a ciki da zarar wuta mai ƙarfi ta hau shi, abin da na'urar ba za ta taɓa gani ba. Mu muka biya gyaran, kuma mun cancanci haka. Tun daga ranar, in na'ura ta ce ƙwai ya mutu muna yarda da ita, in ta ce lafiya yake sai akwatin ya sa hannu. Akasin haka ma yana faruwa: ƙwan da allura ta nuna ya ɗan raunana yakan yi shekaru yana aiki a sashen karɓa ba wanda ya ji bambanci. Irin wannan ba ma ce muku ku canza shi, ko da muna da sabo a kan kanta.

Wannan shi ne jan lokacin da kuke gani. Akwatin da ya daɗe a ajiye ba ma jona shi kai tsaye. Muna tayar da shi da wuta kaɗan-kaɗan, da ƙwan fitila mai waya a jere da shi, in akwai taɓi fitilar ta haska ta tare bugun. Bayan an canza abin da ya lalace, sai a daidaita wutar hutu ta manyan ƙwayayen, wato wadda suke ci lokacin da ba a magana, wadda a TS-520 miliamfa 60 ce, a kuma daidaita su don kada su riƙa kuka da kansu. Duk wanda ya canza manyan ƙwayaye bai yi wannan ba, rabin aiki ya yi. Sannan mu ɗora akwatin a kan eriyar ƙarya mai om 50, wadda ke shanye ƙarfin ba tare da ya fita iska ba, mu bi zangon mita 80, 40, 20, 15 da 10 ɗaya bayan ɗaya, mu ga ko yana ba da wat 100 ko kusa da haka. Mu bar shi kunne yini guda. Ba a yin wannan tsakanin azahar da la'asar.

Muna roƙonku abubuwa kaɗan. In kun gaji akwati daga mahaifi ko kun tsinto shi a gwanjo, don Allah kada ku jona shi "don a ji ko yana yi". Da yawansu daga Amurka suka fito, an saita su a kan bolt 117, wutarmu kuwa 220 ce. FT-101 yana da wurin sauyawa a jikin taransfo, amma sai an buɗe an duba. Kada kuma ku sa hannu ciki ko da kun zare waya, domin kondansatar na riƙe wuta bayan an kashe. Amfilifaya irin Heathkit SB-220 tana ɗauke da kusan bolt 3000, ba ta ba mutum damar yin kuskure sau biyu. Masu kunnawa da gurup, wato janareta, ku auna wutarsa kafin ku jona, hawa da saukarta na rage wa wayar ɗumi kwana. Kuma ku bar bayan akwatin ya sha iska, kada a yafa masa darduma yana kunne don gudun ƙura.

Daga farkon wata mai kamawa, gwajin ƙwai ɗaya dala ɗari ne, za mu kuma ba ku takarda mai ɗauke da lambobin da muka karanta, ba "yana yi" ko "ba ya yi" kawai ba. Wanda ya bar akwatinsa a gyara, gwajin kyauta ne. Ƙwayayen sashen karɓa za mu ci gaba da sayarwa a hannu. Manya masu fitar da ƙarfi kuwa sai da akwati, mu sa, mu daidaita, in sun ba da matsala cikin wata uku ku dawo mana da su.

Game da rediyon da ke aika magana, za mu nemi ganin takardar izini ta ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa a Nijar, kafin mu buɗe sashen aikawa. Mai izini a Nijar yana da lambar kira da ke farawa da 5U, kamar yadda ta Najeriya ke farawa da 5N. Wanda ba shi da ita za mu gyara masa sashen saurare, ya ji duniya son ransa, sauran kuma sai ya kawo takarda. Kada wanda ya ce mana a buɗe masa zangon da ba na masu rediyon magana don sha'awa ba, ba ma yi.

Akwai akwatuna bakwai da muka gama tun kafin damina, masu su ba su waiwayo ba. Biyu daga ciki Grundig ne na falo, manya, sun tare mana hanyar shiga. Muna buɗewa ƙarfe takwas zuwa magariba, ban da Juma'a da muke tashi da hantsi. In za ku aiko da akwati a mota, ku zare manyan ƙwayayen in kun iya, bayan ya kwana a kashe, ku naɗe kowanne a tsumma daban, ku rubuta ramin da ya fito.

Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a nema.

Naku,
Masu shagon gyaran rediyo, Zango, Damagaram