Wasiƙa daga Tsukuba zuwa Ƙofar Sauri

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, ku da Inna da yara. Ya sanyin Katsina? Nan ma hunturu ya kama sosai.

Kun ce in yi muku bayanin aikin nan da ya hana ni zuwa Sallah. To Baba, rediyonku ne zai taimake ni. Zangon da muke amfani da shi a nan, megahaz 6 zuwa 10, kusan shi ne mita 49 da mita 31 da kuke murɗawa da asuba. Ku labarai yake kawo muku, mu kuwa zafi muke hurawa da shi.

Na'urar da muke aiki da ita sunanta GAMMA 10, a Jami'ar Tsukuba ta ƙasar Japan, tsawonta mita 27. Ana sa iskar haidurojin a ciki har ta koma filasma, wato iskar da ta yi zafi sosai har ƙwayoyinta suka rarrabu suka ɗauki cajin lantarki. Burin shi ne a tilasta wa ƙwayoyinta su haɗe su ba da makamashi, kamar yadda ake yi a cikin rana. Zafin na miliyoyin digiri ne, ba ƙarfen da zai iya riƙe shi, sai maganaɗisu. An tsuke ƙarfinsa a baki biyu kamar buhun da aka ɗaure kai da gindi. Ƙwayar da ta nufi fita sai matsin ya dawo da ita.

Inda na fi so ke nan. Kowace ƙwaya kewaya layin maganaɗisu take yi da nata bugun. Idan zangon rediyo ya dace da bugun, sai ya zama kamar tura yaro a lilo: tura kaɗan a kan kari, yana ta ƙara sama. Da an saɓa, wahalar banza ce. Kuma turin a gicciye yake, ba ta wajen bakin buhun ba, don haka ƙwayar da ta sha zafi ta fi zama a buhun. Sai dai bakin yana yoyo har yanzu, shi muke fama da shi.

A 1986 Amurka ta gama gina irin wannan na'ura babba a Livermore, aka rufe ba a kunna ba saboda kuɗi. Abin yana min ciwo. Amma a 2024 an kunna sabuwa a jihar Wisconsin ta Amurka, kuma Rashawa ba su daina ba a Novosibirsk.

Na turo kuɗin batirin sola ta hannun Yaya. Inna ta aiko min da kuka da daddawa idan an samu mai tahowa. A sa ni a addu'a.

Ɗanku.