Wasiƙar Sallah daga Napoli: Gidan Pizar Unguwarmu da Sunan da Ya Yi

Napoli, Italiya
1 ga Shawwal

Zuwa ga Baba da Inna da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina yi muku barka da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina gaida Gwaggo da jiki, ina gaida Yaya da iyalinsa, da Auta da sauran ƙannena. Ni ma ina nan lafiya ƙalau, kuma da safiyar nan mun yi sallar Idi a dandalin Garibaldi, gaban babbar tashar jirgin ƙasa, tare da mutanen Bangaladash da Maroko da Sanagal da namu na Nijar da Gana.

Jiya a waya Inna ta tambaye ni abin da zan ci ranar Sallah, tun da babu mai tuƙa mini tuwon shinkafa da miyar taushe, kuma na ji a muryarta cewa abin ya dame ta. Auta ita ma ta daɗe tana tambayata labarin gidan abincin nan na bakin layinmu da ta gani a hoto, wanda mutane suka yi cincirindo a ƙofarsa kamar ana rabon zakka. To, yau can muka ci abincin Sallah, don haka zan amsa tambayoyin biyu a wasiƙa ɗaya, in gaya muku ko gidan ya kai yadda ake zuzuta shi.

Abin da suke sayarwa shi ne piza, kuma mafi sauƙin hanyar da zan kwatanta wa Baba ita ce in ce gurasa ce mai faɗi, wadda ake shafa wa markaɗaɗɗen tumatir a kai tun kafin a gasa ta. Mutanen Napoli suna ɗaukarta abin gadonsu, yadda mutanen Jakara suke ɗaukar gurasa, kuma ba sa son jin an ce wani gari ya fi su iyawa. Tun 1984 suka kafa ƙungiya ta musamman mai tsare ƙa'idojin yin ta, sannan a 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gasa pizar Napoli cikin jerin al'adun gado na duniya. Suna kuma ba da labarin cewa a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita piza da jan tumatir da farin cuku da koren ganye, wato launukan tutar Italiya, shi ya sa ake kiran wannan nau'in da sunanta, ko da yake wasu masana tarihi suna shakkar labarin.

Shekara uku ke nan ina zaune a unguwar, amma ban taɓa shiga gidan ba sai yau, saboda dalilai biyu: tsawon layi da tsoron naman alade. A cikin azumin nan kuwa ƙamshin itacensu da na gashin ya dinga tarye ni kullum in na taso daga aiki, har na ɗauki alkawari a raina cewa ranar Sallah sai na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. Game da alade, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda aka haifa a wannan layin, ita ta warware mini. Ta ce kwaɓin pizar tanderu fulawa ne da ruwa da gishiri da yis kawai, babu kitse a ciki, kuma abin da zan kiyaye shi ne wadda ake jera wa yankakken nama a kai, da kuma soyayyar piza, domin sau da yawa ana cusa mata soyayyen kitsen alade a ciki. Ta ce in tsaya a kan nau'i biyu na asali: margarita mai cuku, da marinara wadda ba ta da komai sai tumatir da tafarnuwa da man zaitun da wani busasshen ganye mai ƙamshi da suke kira origano. Akwai ma wani tsohon gida a tsakiyar gari, Da Michele, wanda tarihinsa ya faro tun 1870, kuma ya shafe shekaru masu yawa ba ya sayar da komai sai waɗannan biyun.

Mu huɗu muka je: ni, da abokin zamana mutumin Maraɗi, da wani ɗan Zangon Kumasi, da wani Basanagale da muke aiki tare. Mun isa ƙofar da misalin ƙarfe ɗaya saura kwata, muka ba da suna ga wani saurayi mai riƙe da takarda, sannan muka koma gefen titi muka tsaya cikin manyan kayanmu, babura suna gifta mu ta ko'ina. Sai da muka yi awa ɗaya da minti goma kafin a kira mu. A cikin masu jiran, waɗanda na ji suna yaren Napoli ba su kai rabi ba, sauran duk baƙi ne masu yawon buɗe ido, kowa da wayarsa a sama yana ɗaukar hoton allon ƙofar. Mutumin Maraɗi ya ce shi bai taɓa jin inda aka gama azumin kwana talatin sannan aka ƙara na rabin yini don gurasa ba.

Da muka shiga, aka zaunar da mu kusa da tanderun, kuma wannan shi ne rabon da na samu a ranar, domin na kalli aikin daga farko har ƙarshe. Tanderun nasu ginin bulo ne mai kama da ƙubba, da ƙaramin baki a gaba, itace yana ci a gefe guda, harshen wutar yana lasar rufin. Bambancinsa da na Gwaggo shi ne ita tana manna gurasarta a jikin bangon tanderu, su kuwa a ƙasan suke shimfiɗa ta da wani dogon shebur. Zafin ya kan kai kusan digiri 485, shi ya sa piza ba ta wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ciki. Mutum biyu ne suke aikin. Na farko yana ɗauko curin kwaɓin da ya kwana yana tashi, ya danna shi da yatsu daga tsakiya zuwa baki don iskar ciki ta taru a gefe, ya yi ta jefa shi daga hannu zuwa hannu har ya buɗe, ba tare da muciya ko kwalba ba. Na biyu shi ne mai wuta, wanda ba ya ɗaga ido daga bakin tanderun, yana juya kowace piza kaɗan-kaɗan don kada gefe ɗaya ya ƙone, a ƙarshe ya ɗaga ta sama kusa da rufin na ɗan lokaci sannan ya zaro ta. Na tuna yadda Gwaggo take sanin gurasa ta nuna ba tare da ta leƙa ba, sai na gane cewa ilimin iri ɗaya ne, a hannu yake zaune da ido.

Na roƙi mai buɗa kwaɓin da ya wanke hannunsa ya share teburin kafin ya yi tamu, saboda na ga yana taɓa nama. Bai ɓata rai ba ko kaɗan. Ya tambaye ni ƙasarmu, da na ce Najeriya sai ya ɗaga murya ya ce Osimhen, wato ɗan ƙwallon nan namu, domin har yanzu ba su manta kofin da ya taimaka musu suka ci a 2023 ba, sannan ya yi abin da na roƙa a gabana. Wannan na rubuta shi ne don hankalin Baba ya kwanta.

Yanzu ga hukuncina. Marinara ta kai sunan da gidan ya yi, har ma ta ɗara. Bakinta ya kumbura ya yi taushi, da ɗigo-ɗigon baƙi inda wuta ta taɓa, in ka matsa shi sai ya lotsa ya sake tasowa, kuma ba ta da nauyi a ciki ko kaɗan, alamar kwaɓin ya sami lokacin da yake bukata. Tumatir ɗin ba a soya shi ba, ba a zuba masa kayan miya ba, ɗan gishiri ne kawai, amma yana da zaƙi da tsami daidai wa daida, kuma tafarnuwar ta gasu a cikin man har ta daina yaji. Abinci ne da ba shi da wurin ɓoye aibi, domin kayan cikinsa ba su kai a ƙirga da hannu biyu ba, in ɗaya ya lalace kowa zai ji. Sun ce tumatir ɗinsu irin San Marzano ne, wanda ake nomawa a ƙasar da ke kusa da dutsen Besubiyo. Ni da na yi shekarata ta farko ina tsinkar tumatir a gonakin wajen Foggia, ana biyanmu da yawan akwatunan da muka cika cikin zafin rana, ban iya cin tumatir a ƙasar nan ba tare da na tuna hannuwan da suka tsinko shi ba, amma wannan zancen wata wasiƙar ne.

Margaritar kuwa ba ta burge ni haka ba. Cukun nasu fari ne mai laushi, ana yinsa da nonon saniya ko kuma na ɓaunar ruwa da ake kiwo a wajen Caserta, kuma da ya narke sai ya saki ruwa ya haɗu da na tumatir, tsakiyar ta jiƙe har ba ta ɗaukuwa da hannu sai an naɗe. Ɗan Kumasi ya rantse ba ta nuna ba, ya so ya mayar da tasa, sai Basanagalen, wanda ya fi mu daɗewa a garin, ya hana shi, ya ce haka mutanen Napoli suke sonta, wanda yake neman mai ƙaras-ƙaras sai ya tafi Roma. Na yarda ba kuskuren mai gashi ba ne, amma harshena bai saba ba, kuma bakin Bahaushe yana neman yaji. Akwai ƙullin yajin da Inna ta aiko mini a aljihuna, sai dai kunya ta hana ni fito da shi a gaban mutumin da ya girmama roƙona.

Kuɗin bai yi yawa ba idan aka duba sunan gidan. Marinara yuro biyar ce, margarita shida, sai wani ƙarin da suke ɗora wa kowane mutum don ya zauna a tebur, wanda al'ada ce a gidajen abincin ƙasar nan. Abin da ya sosa mini rai shi ne gaggawa. Ko loma ta ƙarshe ba mu haɗiye ba aka kwashe farantai aka ajiye mana takardar kuɗi, saurayin ƙofa yana leƙowa, na waje suna kallonmu ta gilashi. Mun jira fiye da awa ɗaya, mun zauna minti ashirin da biyar. A ranar Sallah, da mutum yake son ya miƙe ƙafa a yi hira a tuna gida, wannan ba ƙaramin rashi ba ne, kuma a nan ne na ga cewa sunan da gidan ya yi ya ci wani abu daga cikin gidan.

Na sayo ɗaya a kwali na kawo wa tsohuwar maƙwabciyarmu a matsayin abincin Sallah, na kuma riƙe ɗaya don dare. Da na ba ta labarin layin sai ta yi dariya, ta ce a zamanin mahaifin mai gidan na yanzu, yaro ake aika da 'yan kuɗi ya karɓo a naɗe gida huɗu cikin takarda, ya ci yana tafiya, kuma mai gidan ya san sunan kowa a layin. Ta ce gashin bai canza ba, tana iya shaida, amma ita yanzu ba ta zuwa sai ranar Talata da an buɗe, kafin baƙi su farka, kuma akwai wani ƙaramin gida layi biyu daga nan da babu wanda yake ɗaukar hotonsa, wanda a ganinta bai gaza wannan da komai ba. Na yi niyyar gwada shi in an yi albashi.

Wadda na ajiye don dare ta koya mini abin da ban sani ba. Tururi ya kama ta a cikin kwalin, bakin da ya kumbura ya kwanta, ta koma tana jawuwa kamar roba. Ashe duk abin da ake tsayuwar awa ɗaya dominsa bai wuce minti goman farko bayan fitowarta daga wuta ba. Gurasar Gwaggo ta fi ta haƙuri nesa ba kusa ba, domin ita tana kwana, a yayyafa mata ruwa, a zuba ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, ta zama bandashe. Haka na yi wa wannan ma: na ɗumama ta a kasko, na barbaɗa yajin Inna, muka ci ni da mutumin Maraɗi muna sauraron saƙonnin murya na barka da Sallah da kuka turo.

Saboda haka Auta, amsar tambayarki ita ce gidan ya cancanci sunansa ga wanda zai ci marinara a zaune kusa da wuta a ranar da babu cunkoso, kuma zan koma, amma ba ranar Sallah ba. Ina roƙonki ki je wurin Gwaggo in ta sami sauƙi, ki ɗauko mini bidiyon yadda take kwaɓi da tsawon lokacin da take bari ya tashi, domin na yi wa mai gashin nan bayanin tanderunmu bai yarda ana manna gurasa a bango ba ta faɗo ba, kuma na yi masa alkawarin zan nuna masa.

Na tura ɗan abin goron Sallah ta hannun Yaya, a ba yara nasu, a kai wa Gwaggo nata. Ina neman addu'ar Baba da Inna kamar kullum. A gaida Liman da maƙwabta da duk wanda ya tambaye ni.

Wassalam,
Ɗanku da ke Napoli