Wasiƙa: Rage iskar etilin oksayid ya fara daga cikin kwali

Mai girma Edita,

Ina rubuto maka ne game da dokar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a watan Maris na 2024, wadda ta buƙaci masana'antun kashe ƙwayoyin cuta a kayan asibiti su rage fiye da kashi 90 cikin 100 na iskar etilin oksayid da suke saki. Dokar ta dace, domin iskar tana jawo kansa. Amma kusan rabin kayan asibitin Amurka da ita ake tsaftace su, kuma wanda ya duba ledar sirinji ko bututun fitsari a asibitocinmu zai ga alamar EO, wato taƙaitaccen sunan etilin oksayid.

Maye gurbinta gaba ɗaya ba abu ne na yau ba. Tururi mai zafin digiri 121 yana lalata roba da yawa, hasken gama, wani nau'in haske mai ratsa abubuwa, yana sa wasu robobi su riƙa saurin karyewa, tururin haidirojin feroksayid kuwa takarda da auduga na shanye shi, kuma da ƙyar yake ratsa dogon bututu siriri.

Abin da za a iya yi nan take shi ne rage abin da ke shan iskar a banza. Kwali da takardun bayanin amfani da ake cusawa tare da kaya suna tsotse ta, sai a ƙara yawanta, a kuma tsawaita lokacin shanya kayan kafin ragowar ta fita. A mayar da bayanan zuwa intanet inda doka ta yarda, a rage kaurin kwali, sannan a sake gwaji da ƙwayoyin cuta na gwaji don tabbatar da mafi ƙarancin iskar da ke kashe su. Kayan ƙarfe kuma a bar wa tururi.

Wassalam,
Mai karatunku